Kwalabe Uku Na Jikata

Wautar da na tafka a duniya tana da yawa, amma ta kwalaben jikata ba za ta taɓa fita daga raina ba. Aji uku na yi a firamare, shi ma rabinsa a bisa mangwaro.

Shekarar da jami'o'i suka yi dogon yajin aiki, jikata mai karatun kimiyyar sinadarai ta dawo mana garinmu Dayi da ƙananan kwalabe uku, aikin wata biyar, wanda sai da shi za a ba ta digiri. A idona duk ruwan randa ne. Wata rana da hantsi ta ja ni ɗakin ajiya, ta rufe ƙofa, ta haska su da wata tocila ta musamman. Ta farko shiru. Ta biyu ta yi shuɗi, ta uku kore shar.

Na ce, "Amarya, tsafi kika koyo?"

Ta ce, "Tsoho, rini ɗaya ne duk. A ta farko ƙwayoyinsa suna yawo, ƙarfinsu yana tafiya a banza. A sauran biyun na sa kowace ƙwaya cikin ɗan keji daidai jikinta. Da ta rasa wurin motsi sai ƙarfin ya fito haske. Canza keji, launi ya canza."

Na ce, "Ragon turke ke nan. Mai yawo ba ya ƙiba." Har ta tafa mini.

Kwana uku bayan nan zan yi wa auduga feshi, na rasa ma'aunin magani. Na duba kwalaben nan, kowace ko rabi ba ta kai ba. Mu manoma ba mu barin buhu uku a tsaye in hatsin zai shiga ɗaya. Na juye su wuri guda, na tafi gona da biyu, ina jin na yi dabara.

Da jikata ta haska kwalbar da ta rage, wani launi ya fito kamar ruwan wanki. Ba ta yi kuka ba. Sai da ta sake aikin daga farko, ƙawayenta suka riga ta fita da shekara guda.

Tun daga nan, abin da ban san kansa ba, ko ya yi kama da ruwa, sai na tambaya kafin in taɓa.

Ranar da ta kawo mini takardar digirinta ta ce, "Tsoho, laifina ne. Na yi wa rini keji, na bar ka kana yawo."