Wayar da Alhaji Ya Sayo Don Albasa

Na daɗe ina saya wa Alhaji albasa a kasuwannin ƙauyukan Gummi da Bukkuyum, shi kuma yana lodawa zuwa kudu. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ban taɓa kawo masa ruɓaɓɓen buhu ba. Da wannan aikin nake ci da gidana. Abu ɗaya ke cutar mu: kafin mu ji albasa ta faɗi a kudu, mun riga mun cika mota.

Lokacin salula ba ta iso mu ba. Sai Alhaji ya ce zai sayo wayar satalayit, irin mai kaurin eriya, wadda sai an fito fili take kamawa. Na ce masa, "Alhaji, biyu ya kamata. Ɗaya wurinka, ɗaya wurina can ƙauye, in dillalinmu na kudu ya kira ka, ka tsai da ni."

Ya ce, "Biyu? Kai ka san abin da wagga aba ka ci kuwa?"

Ɗaya ya sayo. Ya sa aka ɗinka mata jakar fata. Batun katin da za ta riƙa sha, ko sau ɗaya bai zauna ya yi tunaninsa ba.

Kafin sati, gari ya ji. Innarsa ce ta fara, za ta gai da ƙanwarta a Makka. Sai surukinsa, sai liman, sai maƙwabta. Kowa minti ɗaya yake roƙo. To, wace gaisuwa ce tamu ke ƙarewa a minti ɗaya? Ina gajiya, ina iyali, ya ruwa, ya shanu, a ba wane shi ma ya ji murya. Kati ya ƙare ba a yi maganar albasa ba.

Na ce a ware wa gaisuwa ranar Juma'a, sauran ranaku na kasuwa. Ya harare ni.

"So kake a ce na hana surukina gai da ɗiyatai? Kai dai ba ka da kunya."

Shi mai kunyar, dabarar da ya samo ita ce ya kashe wayar ya jefa cikin akwati. Duk wanda ya zo sai a ce babu caji.

A haka ya tura ni Bukkuyum, ya ce in cika mota biyu, kada in dawo da gurbin buhu ko ɗaya. Na cika. Ashe tun ranar da na tafi dillali ke ta kira: albasar Nijar ta cika kasuwa, a dakata. Waya na cikin akwati, Alhaji na Anka wurin biki. Motocin suka isa kudu, aka rasa mai taya, rabi ya ruɓe a tasha.

Ya kira ni ƙofar gidansa, gaban mutane.

"Kai ba ka da ido? In an ce ka cika mota sai ka cika?"

Na ce, "Alhaji, wa ya kashe waya?"

Surukinsa ya sunkuyar da kai. Na san na gama, amma wallahi ko yau aka sake, haka zan faɗa.

Ya ce in ajiye makullin babur ɗin da ya ba ni na aiki in je in huta. Na ajiye masa bisa tabarma, na taka zuwa gida. Har na isa ban samo abin da zan faɗa wa uwar yara ba.