Masu Bin Gefe

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga unguwarmu Maamobi, mu 'yan ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu, za mu wata jami'a a Kumasi. Kafin mu shiga mota malamarmu ta ja ni gefe.

"Ke, yau in ba ki buɗe baki kin yi tambaya ba, kujerarki a ƙungiya ta zama ta wata."

Na ce to.

A Nsawam masu burodi suka yanyame tagogi. Burodin ya ƙanƙance, kuɗinsa ya yi ƙiba, amma muka saya. Wajen Nkawkaw duwatsu sun yafa hazo, ƙawata kuwa tana ta barci a kafaɗata.

A jami'ar wata malama mai bincike ta manna salatif a kan bakin fensir ta ɓamɓare. Ta ce in aka yi ta ɓare baƙin da ya maƙale a salatif ɗin har ya kai siririn da ba ya ƙara rabuwa, shi ne girafin. Sai ta haska mana hoto a bango: in an sanyaya shi ƙwarai, aka sa shi cikin maganaɗisu mai ƙarfi, ƙwayoyin lantarki na tsakiya sai su yi ta kewaya wuri ɗaya. Na gefe kaɗai ke wucewa, suna dungurin iyaka suna gaba.

Ai na san wannan! Haka nake ratsa Kasuwar Malam Atta in an aike ni. Tsakiya sai juyi da turereniya, ni kuwa bango nake bi. Amma wani lokaci mai kifi takan kafa tebur a jikin bangon.

Hannuna ya ɗaga kafin in hana shi.

"Madam, in gefen ya ɓalle fa, ko wani abu ya tare?"

"Ƙara murya, 'yata."

Na maimaita.

"Sukan kewaye shi su wuce, ba sa komawa baya," in ji ta. "Amma in gefen ya yi kaushi da yawa, awon da muke yi wa wucewarsu yakan rikice. Abin da ke hana ni sakewa ke nan."

A hanyar dawowa mun shigo Kawukudi, kusa da gida, bayan magariba, cunkoso ya riƙe mu, masu babur suna silalewa ta gefe. Malamarmu ta miƙo mini ragowar burodinta.

"Ranar Litinin ke za ki yi wa aji bayani."

A tafiyar nan na koyi cewa bin gefe ma yana kai mutum. Litinin ɗin ce dai ban ga bangon da zan bi ba.