Kukan Ƙyauren Babanmu

Babanmu mai walda ne. Ƙyauren ƙarfen gidanmu na Ƙofar Kaura shi ya ƙera shi da hannunsa, ya shafa masa koren fenti. In aka tura shi, akwai wani kuka da yake yi, mai kauri kamar gyaran murya. Da wannan kukan Inna ke sanin maigida ya dawo, tun kafin ya yi sallama.

Bayan rasuwarsa sai unguwa ta canza. Masu cajin batir suka buɗe shago a jikin katangarmu, makanikai suka biyo baya. Iskar wurin har yaji take yi a maƙogwaro. Mu kuma kowace Babbar Sallah a jikin ƙyauren muke ɗaure rago, ya yi ta tsula fitsari a gindinsa. To, ƙarfe ai ba dutse ba ne.

Inna ba ta yi sakaci ba, wallahi. Duk jajiberin Sallah sai ta sa a ƙara masa kore. Amma a kan tsatsar ake shafawa. Fentin ya yi ta kumbura, in ka danna da yatsa sai ka ji ɓurus.

Na ce, "Inna, kankare shi za a yi har ƙarfe ya fito fari, a sa jan fenti na ƙasa, sannan koren."

Ta harare ni. "Mi za a kankare? Fentin Malam yana can ƙasa, ke kuma ki ce a goge? Ke dai da ɗan banzan iyayi!"

Na bar maganar, don gaskiya ni ma zuciyata ba ta so ba. Haka muka yi ta rufe tsatsa, tana ta cin abinta a ciki.

Wata damina gindin ya ɓurme, har akuyar maƙwabta tana shigowa. Dole aka kira mai walda. Ya yanke rabin ƙasa, ya dasa sabon ƙarfe, ya kankare sauran tas. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya.

Da yamma na fita na dawo, na tura ƙyauren, bai yi kukan nan nasa ba. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago kai, da muryar da take yi wa baƙo ta ce, "Wane ne?"