Yaya Isyaku da Zaman Bayan Taro

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana, Malam Isyaku, manomin rani a yankin Bunkure. Ya rasu kafin wayar salula ta shiga aljihun kowa, kuma wani lokaci nakan ce Allah ne ya hutar da shi ganin abin da muka zama.

Kowace shekara, kafin a fara dashen tumatir, akan kira taron manoman rani a Kura. Jawabai ne na manya, sai rabon takardun da rabinmu ba sa iya karantawa. Yaya bai taɓa damuwa da jawaban ba, gyangyaɗinsa ma yake yi. Abin da ke kai shi shi ne bayan an tashi. Sai ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, mutanen Kadawa da Garun Mallam da Madobi su kewaye shi, a sayi fura, a yi ta hira har la'asar. Ni a lokacin haushi yake ba ni. In na matsa masa mu tafi, sai ya ce, "Habu, kai taron ka zo ko kujerun ka zo gani?"

Da zai leƙo taron bana, da ya ɗauka gobara ce ta tashi. Tun ba a shafa fatiha ba kowa ya manna waya a kunne, babura na ta hayaƙi, ana gaisawa da ɗaga hannu daga nesa. Mutum ya taso tun daga Bunkure don ya sa hannu a takarda ya juya! Na sha yin tsaki a kan wannan, amma ni ma haka na yi, kuma ga abin da ya jawo mini.

Gonar Yaya tana can ƙarshen hanyar ruwa, sai na sama sun sako sannan take samu. Ni nake kula da ita yanzu, tsakanin aikin koyarwa da nake yi a Kano, kuma da ita matarsa Yaya Hajara take ciyar da 'ya'yansu biyar. A shekarun baya wani maƙwabcinmu ne ke kula da maganar ruwa, bara shi ma ya rasu. Ranar taron bana ina tayar da babur sai Malam Garba, tsohon abokin Yaya mai gona a samanmu, ya ɗago mini hannu.

"Habu, zo mana ka zauna mu gaisa."

"Wallahi sauri nake, Malam. Zan kira ka."

Ban kira ba. Ashe ma ba shi da waya.

Tumatir ya fara fure, ruwa ya ɗauke kwana goma sha ɗaya. Da na zo ƙarshen mako na tarar furen ya zube, ganye ya yi laushi. Na nufi gonar Malam Garba ina huci, na same shi ya datse ruwan yana ban-ruwan albasa. Ya bar ni na gama faɗana tukuna.

"Maganar da na so mu yi ke nan ran taro," in ji shi. "Shekara ashirin a kan tabarmar nan muke yanka ranakun ruwa da yayanka, Talata da Juma'a nasa ne. Bana ba wanda ya zauna ya nema. Na ɗauka ba ku dasa ba, sai jiya na ga gonar."

Kunya ta hana ni ko ba shi haƙuri yadda ya kamata. Shekara da shekaru ina kallon zaman nan a matsayin lalaci, ban san ruwan gidanmu ake rabawa ba. Yaya bai bar takarda ko ɗaya ba. Abin da ya bari mutane ne da suka saba zama da shi, kuma ba a gadonsu sai an zauna.

Daga can na wuce gidan Yaya Hajara in faɗa mata bana babu tumatir. Na yi sallama daga ƙofar gida, ta leƙo, na fara kame-kame. Ta dube ni, ta dubi babur ɗin da ban ko kashe ba.

"Na riga na ji," ta ce. "Malam Garba ya zo da ƙafarsa jiya, ya zauna ya faɗa min."