Malam Tahidu da Taswirar Kwarin Mma

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Mayu 2025, bayan Azahar, Malam Tahidu mai zanen taswira ya faɗi a ƙofar gidansa a unguwar Lamashegu, bai sake tashi ba. Da aka faɗa mini na ce ƙarya ne. Da safen ranar na gan shi a kan babur, har ya ɗaga mini hannu.

Malam, mahaifiyata Mma Ayisha muke ji wa tsoro, ba kai ba. Ta haura tamanin da biyar. Tana ƙarama fari ya kore su daga wani kwari a ƙasar Azbin, bayan sun binne uwarta kusa da wata rijiya a gindin dutse. Burinta ɗaya, jikokinta su san wurin, su je su yi addu'a.

Kai ka nemo tsohuwar taswirar da Faransawa suka auna. Sun zana tsayin dutsen da lanƙwasar kwarin, amma babu rijiya ko ɗaya. Mma ba ta gane takarda, sai ka cika faranti da yashi, tana tara dutsen da hannunta, kai kana gwadawa da layukan Bature. Duk Asabar kana gidanmu a Kanvili, shekara biyu. In ta rikice sai ta ce, "Tahidu, Baturen naka ne bai gani da kyau." Ka ce, "Gaskiya ne, Mma, mu sake."

Cikin rijiya biyar da Mma ta tuna a kwarin, huɗu kuka gano. Saura ta biyar, wadda kabarin yake kusa da ita.

Jiya matarka Rahimatu ta kawo mini takardun. Na shimfiɗa su, na ga alamominka na fensir, ban fahimci ko ɗaya ba. Sau uku ka ce in zauna in koya, na ce kasuwa ba ta barina, ai kana nan. Kunya ta hana ni barci. Mma ta sa an kawo mata farantin, ta tara dutsen, ta dangwala yatsa a gefensa ta ce, "Nan ne, Bashiratu, rubuta." Ban san inda zan rubuta ba.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya haskaka kabarinka. Rahimatu da ɗanki Abdul-Hafiz, Allah Ya ba ku haƙuri, mu ma Ya ba mu.