Mama a taron masana ƙwaƙwalwa

"Kun buɗe da addu'a kuwa?"

Mama ce tsaye a bayan ƙanwata Ladi, makirfo kuma a buɗe.

Ladi binciken ƙwaƙwalwa take yi. Ta zo hutu Kafanchan, sai taro ya kama ta a bidiyo da masana na ƙasashe daban-daban. So suke su yarda da tsari ɗaya na ajiye hotunan ƙwaƙwalwa, yadda wanda aka ɗauka a Najeriya zai buɗu a kwamfutar kowa. Tun safe ake gardama, kowa nasa ne daidai.

Ni kuwa na je na tsegunta wa Mama, shugabar Zumuntar Mata.

Ladi ta ce, "Mama, don Allah, suna ji!"

"Su ji mana! Mu da muka sa matan coci-coci suka yarda da zani ɗaya, da baki kawai muka yi?"

Ta rufe ido ta fara, da Hausa. Wani farfesa mai furfura ya sunkuyar da kai.

Ba su daidaita ba, amma sun tambaya ko Mama za ta zo taro na gaba.

Ladi ta daina gaishe ni. Jama'a, laifi na yi?