Malam Ɗantani da Gasasshiyar Ayaba

Malam Ɗantani baduku ne, ɗan Yakasai, kuma rumfarsa tana Kasuwar Kurmi a layin masu jakunkuna. Tun yana yaro mahaifinsa ke aikensa majema ɗauko fata, don haka warin jima da ke sa baƙo toshe hanci bai taɓa hana shi cin abinci ba. Amma a harkar abin da zai shiga bakinsa, mutum ne mai tsantsami. Ba ya cin abin da ya yi laushi ya lagwaɓe, ba ya haɗa zaƙi da abinci. Matarsa Uwani ta san haka. Duk tsawon zamansu, karin kumallonsa ɗumamen tuwon dawa ne da miyar kuka, an ɗiga man shanu.

Da Uwani ta rasu, girkin gidan ya koma hannun Sa'ida, matar ɗansa Gali. Malamar firamare ce a Mandawari, ga yara uku da za ta shirya kowace safiya kafin ta fita. Ta yi ƙoƙari da ɗumamen na wani lokaci, amma kullum sai ta makara. Sai wata abokiyar aikinta ta koya mata dabara: a zuba ots, hatsin nan na Turawa, a kwano, a fasa ƙwai, a zuba madara, a dame ayaba a ciki, a watsa zabibi da yankakkiyar tuffa, a tura obin, murhun gashi. Idan ya gasu a yanka shi gida-gida a sa a firji, kowa ya ɗauki nasa da safe.

Ranar Lahadin da aka fara, Malam Ɗantani yana alwala a tsakar gida ya hango ayabar. Ɓawonta ya yi baƙi ƙirin, har ruwa take tsatstsafowa. Ya ɗauka zubarwa za a yi. Sai ya ga Sa'ida ta ɓare ta a kwano tana murƙushe ta da cokali mai yatsu, abin yana yauƙi yana bin cokalin. Ya kawar da kai ya tofar da yawu a magudana.

Washegari ta durƙusa ta ajiye masa faranti.

"Baba, ga karin kumallo. Sabon abu ne, yana riƙe ciki."

"Sannu, Malama. Allah ya yi albarka."

Bayan ta fita ya buɗe. Abin ba burodi ba ne, ba tuwo ba, ba kuma fanke ba. Samansa ya bushe, cikinsa danshi. Zabibin ya kumbura ya fashe, tuffar ta koma launin ƙasa. Ya gutsira kaɗan. Ɗumin ayabar ya cika masa baki, ƙarnin ƙwai ya biyo baya, ga ƙaiƙayin ots yana maƙale masa a dasashi. Da ƙyar ya haɗiye, ya bi da ruwa. Shi a saninsa, ɗan itace Allah ya gama nunar da shi a bishiya, bai ga dalilin sake kai shi wuta ba.

Faɗa wa suruka cewa abincinta na tayar masa da zuciya, wannan bakinsa ba zai iya ba. Zubar da abinci kuma bai saba ba. Sai ya fara ƙunshe rabonsa a leda yana tafiya da shi kasuwa, yana riƙe da bakin ledar da yatsu biyu. Maƙwabcin rumfarsa Nata'ala, mai sayar da takalma, mutum ne da ba ya mayar da komai. Da ya miƙa masa sai ya cinye ya lashe yatsu, Malam Ɗantani yana kallon wani gefen.

Kuskuren Nata'ala ɗaya. Ya haɗu da Gali a masallacin Juma'a, ya ce a gaida masa Malama, kek ɗin nan nata da Baba ke ɗanɗana masa ba dama. Sa'ida ta ji daɗi ƙwarai. Daga ranar sai yankan Baba ya zama biyu, ɗaya nasa, ɗaya na abokinsa.

Wata Alhamis ya isa kasuwa ya tarar Nata'ala ya tafi ƙauye gaisuwar mutuwa. Ga masu ciniki sun tsaya, ba ya son ledar a gabansa, sai ya cusa ta cikin wata jakar mata da ya gama ɗinkawa, ya mayar da ita cikin 'yan uwanta. Da yamma zazzaɓi ya rufe shi. Ya yi kusan mako a kwance, lokacin kuwa zafin bazara ne.

Ranar da ya koma, tun kafin ya gama buɗe rumfar tsamin ya tare shi. Ƙananan ƙudaje suka tashi buu. Ledar ta fashe, abin ya narke ya yi funfuna kore da fari, ruwansa ya ratsa jakar ya sauka kan na ƙasanta. Jar fatar akuya ce mai kyau, shi ya zaɓo ta da kansa. Ya ɗaga jakar da sanda, tsutsotsi suka zubo a kan tabarma. Nan ya fita bayan rumfa ya amayar da ruwan shayin da ke cikinsa.

Da la'asar ya kira Sa'ida ƙofar ɗakinsa. Bai dube ta ba, idonsa na kan carbinsa.

"Malama, abin nan da kike gasawa, ki daina sa mini. Sau ɗaya na ci. Raina ba ya karɓarsa, ko ƙamshinsa ba na iyawa."

Fuskarta ta canza.

"Da ka faɗa tun farko, Baba. Ni na zaci kana so." Ta gyara mayafi. "Gaskiya ɗumame kullum zai yi mini wuya. Asabar da Lahadi dai zan iya."

"Ya isa. Sauran kwanakin zan nemi koko a bakin layi."

Haka aka zauna. Sa'ida ta yi 'yan kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa su, daga baya ta sake. Gasawar kuwa ba ta fasa ba, don yara suna so, Gali ma yana so, ita kuma ta daina makara. Har ta ƙaro gwanda a ciki, lokacin mangwaro ta sa mangwaro.

Yanzu duk Lahadi da hantsi, da ya ji an kunna obin, Malam Ɗantani yakan ɗauki hularsa ya tafi ziyarar ƙanwarsa Baraka, ba ya dawowa sai azahar. Jikokinsa kuma sun san doka: wanda ya ci abin Mama, sai ya wanke hannu da baki da sabulu kafin ya hau cinyar Baba.